Amsa kan kalmar "lispingly" da yadda ake amfani da ita

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "lispingly" da ka gani a wani labarin Turanci tana nufin in'ina. A'a, in'ina ita ce "stammer" ko "stutter". Tushen kalmar taka "lisp" ne, wato abin da mu za mu kira tsamin baki, amma irin wanda harshe ke leƙowa tsakanin haƙora, sai "s" da "z" su fito kamar "th". Mai shi zai so ya ce "yes", sai ka ji "yeth".

An ɗauki "lisp" an ƙara mata "-ing", sannan "-ly", ta zama bayanau mai nuna yadda aka yi magana. Shi ya sa kusan kullum tana manne da aikatau na furuci: "she said lispingly", ko "he spoke lispingly". Marubuta sun fi jingina ta ga yara. Ƙanwata da ta yi famfarar haƙoran gaba tana shekara 6, wata guda muna dariyar yadda "sannu" ke fita ta giɓin nan. To irin wannan ake nufi.

Ni dai ba zan ba ka shawarar sa ta a hira ba, ƙamshin tsofaffin littattafai take yi. Bature yau cewa zai yi "he speaks with a lisp".

Wani abin dariya kuma, mu Hausawa akasin haka muke yi, "thank you" ta koma "sank you". Wannan karin harshe ne kawai, domin babu sautin "th" a Hausa, kada ka kira shi "lisp".