Ina ruwan ƙungiyar ƙwadago da kuɗin raya ƙasa, kuma wane tallafi ya dace ta nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakataren reshe ne a wata ƙungiyar ma'aikatan gine-gine. Kwanan baya an gayyace ni taron bita, aka yi ta maganar rawar da ƙungiyoyin ƙwadago ke takawa a haɗin gwiwar ƙasashen duniya wajen raya ƙasa, aka kuma ce mu rubuto irin tallafin da muke buƙata. Ni dai a sanina aikinmu albashi ne da yajin aiki. Ina ruwanmu da su Bankin Duniya? Idan kuma za a taimaka mana, me za mu nema? Wasu a cikinmu sun ce a rubuta mota da kwamfuta kawai. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Kwamared. Ruwanku da Bankin Duniya yana nan a bakin ƙofar filin da mambobinku ke kwaɓa siminti. Kuɗin raya ƙasa, bashi ne ko kyauta, ba ya zama hanya ko gada ko asibiti sai ya bi ta hannun magini da kafinta da mai ɗaurin rodi da direban tifa. Kuɗin zai sauka a ma'aikatar gwamnati, ita ta ba babban ɗan kwangila, shi ya yanka wa ƙanana, su kuma su nemi mai kawo musu leburorin da ake sallama kullum da yamma. Kowane hannu ya ɗebi rabonsa, alhaki kuma yana ta sirancewa, har ranar da tsani zai zame da yaro ya karya ƙugu, a rasa wanda zai ce shi ya ɗauke shi aiki.

Abin da yawancin shugabannin rassa ba su sani ba shi ne manyan bankunan nan suna da sharuɗɗan ƙwadago a rubuce. Tun watan Oktoban 2018 Bankin Duniya ke aiki da sabon tsarinsa na kare muhalli da jama'a, kuma ƙa'ida ta biyu a cikinsa, wadda ake kira ESS2, kacokan kan ma'aikata take. Ta wajabta wa gwamnatin da ta ci bashin ta rubuta yadda za a tafiyar da ma'aikatan aikin, a ba su bayanin sharuɗɗan aikinsu, a kare lafiyarsu, a hana aikin tilas da bautar da yara, a buɗe musu hanyar kai ƙorafi, a kuma mutunta 'yancinsu na shiga ƙungiya. Wannan ya haɗa da waɗanda ke ƙarƙashin 'yan kwangila. Bankin Raya Ƙasashen Afirka ma yana da makamancin haka tun 2013. Waɗannan sharuɗɗa ba daga sama suka faɗo ba, ƙungiyoyin ƙwadago na duniya, ciki har da BWI ta ma'aikatan gini da katako, sun shafe shekaru suna matsa lamba kafin a saka su.

To amma takarda ba ta da ƙafa. Na taɓa raka masu duba aiki wani filin gina hanya, an sanar da zuwanmu tun mako guda kafin nan. Muka tarar an share ko'ina, kowane lebura da hular kwano sabuwa dal, wasu ko ledar da ke jikinta ba a gama ɓarewa ba. Shugaban tawagar ya ɗauki hotuna, ya cika takardarsa. Da muka koma wajen mai shayi da yamma, wani dattijo mai ɗaurin rodi ya ce min, "Ranka ya daɗe, ai hulunan har an tattara an mayar sito." Mai duba aiki baƙo ne, yini ɗaya zai yi ya tafi. Ƙungiya ce ke wurin ranar Talatar da babu wanda ya zo, kuma ita kaɗai ce doka ta ba ikon zama da mai aiki a yi ciniki a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Duniya ta koyi wannan darasi da jini a Bangaladash. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas, kusa da birnin Dhaka, ya rufta ya kashe mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe, su kuwa teloli aka ce su koma bakin keke. Ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu su ce ba za su shiga ba. Bayan makonni kaɗan, a watan Mayu, ƙungiyoyin ƙwadago na duniya IndustriALL da UNI tare da takwarorinsu na Bangaladash suka sa hannu da kamfanonin tufafi kan yarjejeniyar kare gobara da ingancin gini, wadda daga baya kamfanoni fiye da 200 suka shiga. Bambancinta da alkawuran fatar baki na baya shi ne ana iya gurfanar da kamfanin da ya saɓa, kuma ta tabbatar wa ma'aikaci haƙƙin ƙin shiga wurin da ke da haɗari.

Can sama ma kuna da kujera. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wadda aka kafa a 1919, ita ce hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikata ke kaɗa ƙuri'a a cikinta: kowace ƙasa na tura wakilai huɗu babban taronta na shekara, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar aiki, ɗaya na ma'aikata, kuma kowa da ƙuri'arsa. Cikin muradun ci gaba 17 da aka amince da su a 2015, na takwas kan aiki mai mutunci ne. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ITUC, wadda reshenta na Afirka ke Lome, tana da sashe na musamman tun 2008 da ke bin diddigin manufofin masu ba da tallafi. Mu da muka ga yadda shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya yi da albashi daga 1986, muka kuma ga cire tallafin mai a 2023, ba ma buƙatar a gaya mana cewa shawarar da aka yanke da masu ba da bashi tana isowa har tukunyar miya.

Yanzu batun tallafi, kuma a nan nake so ka ba ni aron hankalinka, domin a nan ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Ƙungiyar ƙwadago ba irin ƙungiyoyin nan masu zaman kansu ba ce da mutum biyar za su yi wa rajista su kama ofis su fara neman kwangilar wayar da kai. Ƙarfinta mambobi ne, jininta kuwa kuɗin da suke biya duk wata. Shugaban da ke cin abinci daga kuɗin mambobi dole ya ji tsoronsu. Ranar da kuɗin waje ya fi na mambobi yawa, fuskarsa za ta juya wajen wanda ke turo kuɗin, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sabon abu ba ne a Najeriya. A zamanin yaƙin cacar baka ƙungiyoyinmu sun rabu gida huɗu, wasu na kallon Yamma, wasu na kallon Gabas, kowa da inda ake yi masa ihsani. Wannan rarrabuwa ce ta ba gwamnatin soja ƙofar kafa kwamitin Mai Shari'a Adebiyi a 1976, aka haramta wa wasu jagorori harkar ƙwadago, har da Michael Imoudu da ya ja yajin aikin gama-gari na 1945, sannan a 1978 aka dunƙule ƙungiyoyin zuwa 42 ƙarƙashin NLC.

A yau cutar ta sauya kama, ta koma taron bita. Za a kama otal, a buga kyalle, a kawo fuskokin da aka saba gani, a ci shinkafa da kaza, a sa hannu a karɓi ambulan na kuɗin mota. Rahoto zai ce an horar da mutum kaza. Ba wanda zai tambaya mamba nawa aka ƙaru da shi bayan wata shida. Ban ce ilimi ba shi da amfani ba. Cibiyar horo ta ILO da ke Turin a Italiya, da cibiyar nazarin ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori, sun fitar da mutanen da suka san makamar aiki. Ina magana ne kan bitar da ake shiryawa don kuɗin su fita kafin shekara ta ƙare.

Saboda haka ma'aunina ɗaya ne: duk tallafin da za ku nema, ku tambayi kanku ko bayan ya ƙare zai bar ku da mambobi masu biyan kuɗi fiye da yadda ya same ku. Abu na farko da ke cika wannan ma'auni shi ne mai shiga fili ya tara ma'aikata. Albashinsa, man babur ɗinsa, katin wayarsa, na shekara uku ko fiye, don ba a gina amana da leburan da ke tsoron kora a wata shida. Wannan ya fi muhimmanci a sana'arku, inda mafi yawan masu aiki na wucin-gadi ne, ba a cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi, aiki na ƙarewa kowa ya kama gabansa. Ƙididdigar ILO ta nuna cewa a Afirka fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki ba sa cikin tsarin aiki na hukuma, kuma a Najeriya dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ƙungiyar da ta tsaya kan masu takardar albashi kaɗai tana wakiltar 'yan tsiraru ne. A garinku akwai abin koyi: da masaƙun Kaduna suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta juya ta rungumi teloli masu zaman kansu. A Indiya kuwa ƙungiyar mata masu aikin kansu, SEWA, wadda Ela Bhatt ta kafa a 1972, da mata 'yan talla da masu aikin hannu a gida ta zama gagaruma.

Na biyu, mutumin da ya iya karatun takardu da lissafi. Idan kuka zauna da ɗan kwangila, shi yana tafe da lauya da akanta, ku kuna tafe da ɓacin rai. Ku nemi a horar muku da mutum biyu ko uku da za su iya buɗe takardun aikin da banki ya wallafa, su gano abin da aka yi alkawari, su rubuta ƙorafi da kwanan wata da hujja. Haka nan lauyan da zai tsaya muku a Kotun Ma'aikata. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda wanda ya ji rauni. Leburori nawa ne a reshenku suka taɓa jin wannan?

Akwai kuma tallafin da ba kuɗi ba ne, wanda sau da yawa ya fi kuɗi tsada. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyin ILO mai lamba 87 da 98, na 'yancin kafa ƙungiya da cinikin haɗin gwiwa, tun 1960, amma hakan bai hana gwamnatin Abacha rushe shugabancin NLC da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai a 1994 ta tsare Frank Kokori, babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, shekaru ba. A irin wannan rana abin da ake buƙata shi ne 'yan'uwa a waje su ɗaga murya, kuma masu ba da bashi su dage sai an zauna da ƙungiya tun ana tsara aiki, kada a kira ta ranar yanka kyalle.

Littafin kuɗinku ma ku gyara shi, mambobi su fara ganinsa kafin baƙo. Kuma idan za a tura mutane horo, kada kujerar mata da matasa ta zama ta cike gurbi.

Ka kuma sani rijiyar tana ja baya. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID, Birtaniya ta sanar da rage kuɗin agajinta zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ƙungiyoyin da suka saba tallafa wa 'yan ƙwadago, irin su gidauniyar Friedrich Ebert ta Jamus da Solidarity Center ta Amurka da Mondiaal FNV ta Holan, mafi yawan kuɗinsu daga gwamnatocinsu yake fitowa, don haka duk iskar da ta kaɗa a can za ta taɓa su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kwamfuta ku rubuta ta, idan akwai wanda zai zauna ya shigar da sunan kowane mamba da inda yake aiki da ranar da ya biya. Mota kuwa ban goyi baya ba. Na ga yadda take ƙarewa: wata uku tana kai 'ya'yan shugaba makaranta, wata na huɗu tana kan duwatsu a bayan sakatariya ana jiran kuɗin taya. Kuɗinta zai sayi babura da dama, kuma babur ne ke shiga inda ake aikin.

Kafin ka rubuta komai, ka zagaya manyan ayyukan da ake yi a yankinku ka karanta allon da ke bakin kowanne, galibi akan rubuta wanda ya ba da kuɗin da sunan ɗan kwangila. Wanda ka ga na Bankin Duniya ne ko na Bankin Raya Ƙasashen Afirka, ka nemi takardar tsarin tafiyar da ma'aikatansa a shafin bankin na intanet ko a ofishin da ke kula da aikin, ka buga ta. Sannan ka je wajen mai shayin da ke kusa da ƙofar filin da misalin ƙarfe biyar, lokacin da ake tashi, ka karanta musu ita da Hausa, ka rubuta duk inda suka ce ba haka ake yi ba. Wannan jerin shi za ka maƙala a bayan takardar neman tallafinku.