Wai 'yan matan da ba su da buri?

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya, ƙaninki ne ya karanta min, shi ne kuma yake buga wannan a waya ina faɗa masa, in kin ga kuskure shi za ki kama. Kin ce a wurin suna a unguwar Aboabo nan Kumasi mata sun sa ki a gaba, wai kin cika dogon buri tunda kin ce aure ya jira sai kin gama karatun nas kin samu aiki a Ankara babban birnin Gana, wai a al'adarmu yarinya inda aka ajiye ta nan take zama, 'yan matan da ba su san hange-hange ba. Kina tambaya ko gaskiya ne.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Su wa? Mu? Ai ranar da Gana ta samu 'yancin kai a 1957 tiren goro ne a kaina, kuma duk yarinyar da muke talla tare a zongon Kumasi ta san abin da take hange. Tsanin ne ba irin naku ba, ku takarda, mu kwano da zane.

Tun kina shekara bakwai uwarki za ta ɗora miki ƙosai ko masa ko goro, ribar ba cinyewa ake ba, adashi ake zubawa, in an kwasa a sayi kwanuka. Kwanon nan mai fenti da murfi, saiti-saiti, daga babba har ɗan mitsitsi, a jera su a kabad mai gilashi har su kusa taɓa rufi, kuma ba a cin abinci a ciki ko sau ɗaya. Ranar da aka kai amarya mata za su shigo da sunan ganin ɗaki, baki na Allah sanya alheri ido na ƙirga, kafin magariba duk unguwa ta san saiti nawa ne. In wannan ba gasa ba ce to ban san sunanta ba.

Sai zane. Atamfa 'yar Holan yadi shida, wadda ta fi kowa ita ce mai akwati cike da waɗanda ko almakashi bai taɓa ba, don zane dukiya ne, ranar tsanani sai ki fitar ki sayar. Manyan matan kasuwa kuwa suna da fasbuk, ba Facebook ɗinku ba, wani ɗan littafi ne da kamfanoni irin su UAC suke ba mace in ta ajiye jingina, ta ɗauki zannuwa bashi ta sayar ta biya. Yawancinsu matan Asante ne da Yarbawa, mu 'yan zongo mu tsaya bakin rumfarsu a babbar kasuwa da tire a ka muna haɗiyar yawu. Ni dai burina a lokacin keken ɗinki Singer, na kwana na tashi da shi a raina shekara huɗu kafin na same shi.

Ta wajen aure ma akwai lissafi, kar wani ya ruɗe ki. Auren fari na iyaye ne, shekara sha huɗu sha biyar an kai ki, ba a tambayar ki. Amma in ya mutu kika gama idda kin zama bazawara, to yanzu ke ce da bakinki, kuma nan ake ganin masu ido. Wata ta ce sai Alhajin goro mai lodin mota zuwa Legas, wata ta ce ita akawu mai albashi da ɗaki a kwatas ɗin Asawase inda ba a kwana a layin famfo, wata direba. Ƙarshen tsanin kowa ta san shi, ki je Makka ki dawo da haƙorin gwal, ki gina gida ki zuba 'yan haya, a biki a ce Hajiya ta iso a tashi a ba ki kujera.

Akwai kuma waɗanda suka ga hanyar ta yi musu nisa suka yanke. Su hau jirgin ƙasa sai Ankara, su sauka Tudu ko Nima wurin wata magajiya, bayan wata shida su dawo da gashin kanti da jan baki da takalmi mai tsini, Maryama ta koma Meri, ana zancen rawar hailaif da silima da wani babban mutum mai mota a ma'aikatar gwamnati. A fili a zage su, a ɗaki a tambaye su nawa suka sayi sarƙar. Bayan an kifar da Nkrumah a 1966 da yawa daga manyan mutanen nan suka shiga ɓuya ko kurkuku, 'yan matan suka dawo da akwati ɗaya.

To a nan ne al'adar take, kuma ita matan sunan suka juya miki. Ban taɓa jin an zagi mace don ta samu ba. Tambaya biyu ake yi, da me ta samu, kuma da ta samu ta san ƙofar gidansu? Wadda aka ga tana soya ƙosai tun asuba hayaƙi na cin idonta, in ta sayi gwal sai a ce Allah ya ƙara. Wadda gwal ya bayyana a wuyanta dare ɗaya, ko ta fara gaida gwaggonninta a tsaye, ita ce ake yi wa habaici a biki.

Yayarmu babba, kakar su wancan yaron mai shago, ta fi mu duka kyau da wayo. A zawarcinta ta ƙi malami, ta ƙi tela, ta shiga ta uku a gidan wani mai goro da motoci biyu, aka yi biki na kwana bakwai, ta daina sana'a don ta ce matar Alhaji ba ta zama bakin kasko. Sai Nuwamba 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin sati biyu. Shi a can Arewacin Najeriya aka haife shi, ya sayar da motocin a wulaƙance ya ɗauki uwargida ya tafi, ya ce zai aiko. Ina gani da idona ta sauke kwanukan nan daga kabad saiti-saiti tana goge su da gefen zane kafin dillaliya ta zo, ba ta yi kuka ba sai da aka zo kan ƙaramin. Keken nan nawa da ta sha yi wa dariya shi ya riƙe mu da 'ya'yanta uku har suka tasa.

Mu ba a sa mu boko ba, ko da aka ce dole ne kuma kyauta a 1961 iyayenmu allo kawai suka yarda da shi, suna tsoron makarantar mishan ta mayar da yaro Kirista. Da an sa ni da yanzu wani zancen ake. Saboda haka ki yi karatunki. Amma ban ce ki ɗaga wa matan nan hanci ba, in kin shigo Aboabo ki durƙusa ki gaida kowa, kayan asibitin ki bar su a jaka ki yafa mayafinki, in sun sake tayar da zancen ki ce Gwaggo ta ce a tambayi babbarsu saiti nawa aka jera mata.

Shi kuma yaron da aka ce yana zuwa wajenki, ba ki ce min komai a kansa ba, na lura. Ɗan wane gida ne, me yake yi, ya san da zancen Ankaran? Ki zo ran Juma'a bayan la'asar, ki taho min da man zafin nan na gwiwa, wancan ya ƙare.