Ɗan kwangilar da ya ci ni da "shekara ta rufe"

Kai yaro, kana tambayata mi ya sa nake rufe littafin shago a ƙarshen Disamba alhali zakka sai da azumi nake fiddawa? Aje wayar nan tukuna, ku yaran yanzu kunne ɗaya kuke ba mutum.

Zakka shekarar wata take bi, kwana 354, daga ranar da dukiya ta kai nisabi. Gwamnati kuwa kasafinta daga 1 ga Janairu ne zuwa 31 ga Disamba. Da can Afrilu zuwa Maris ne irin na Ingila, sai zamanin Shagari anka sauya. Tun da rabin aikinmu bencin makaranta ne, dole littafina ya bi nasu. Ƙirga katako da ƙusa da bashi kuwa, in sai na koya maka, koma gida.

Wannan magana ta tuna mini wani ɗan kwangila, Allah ya isa. Watan Nuwamba ya zo da babbar riga da carbi, yana ce mini Baba, wai benci yake so na gaggawa, kafin a rufe shekara. Na ci bashin katako, munka kwana muna aiki cikin ɗarin hunturu, hannun yarana duk ya tsage. Ya kwashe kaya mota biyu. Da na je karɓar kuɗi sai ya marairaice: shekara ta rufe, abin da ba a kashe ba ya koma baitulmali, a jira sabon kasafi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, haka tsarin yake, shi ya sa na haƙura. Janairu ta wuce, Maris ta wuce, mai katako yana sallama ƙofar gidana gaban iyalina. Sai na sai da injin yankan katakona na biya shi.

Ashe tun tsakiyar Disamba anka biya mutumin! Wani akawu da muke sallah masallaci ɗaya ya gaya mini. Ya ce lokacin ne ma ofisoshi ke rige-rigen biyan kwangila don kada kuɗin su koma. Da kuɗina ya tafi Umara, ya dawo yana raba dabino. Har ni ya aiko wa, don rainin wayo.

Injin nan na Jamus ne, ba irin tarkacen da kuke gani yanzu ba. Har yau ban samu kamarsa ba.