Amsa: Kwabon Ingila na 1919 mai harafin KN

Malam, kana tambaya ko ƙananan haruffan KN da ka gani kusa da shekara a kwabon Sarki Joji na Biyar na 1919 suna ƙara masa daraja. E, suna ƙarawa. Alama ce cewa kamfanin Kings Norton na Birmingham ne ya buga shi, ba maƙerar gwamnati ta Landan ba. A 1918 da 1919 kaɗai aka sa KN a kwabon Ingila, kuma ya fi mai harafin H na kamfanin Heaton wuyar samu. Kamfanonin nan biyu sun buga mana kwabo mai huji na zamanin Turawa ma, wanda yake da shi ya duba.

Sai dai farashi yana bin lafiyar kwabon. Ni idan aka kawo mini, kunnen sarki da gashin bakinsa nake fara dubawa da gilashin ƙara girma, don nan ne ke saurin cinyewa. Amma ka yi hattara, yawancin na shekarun nan tun daga maƙera bugunsu bai fito sosai ba, har inuwar kan sarki takan bayyana ta baya, wannan kuwa ba cinyewa ba ce. Don Allah kada ka goge shi da lemon tsami ko toka. Masu saye da ganin ƙyallin gugar za su karya kuɗin.