Tambaya da Amsa: Wanke Tukunyar Tururi da Asid Ba Tare da Ƙarfe Ya Lalace Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da tukunyar tururi a wani injin gyaran shinkafa a Kano. Ruwan burtsatse ya sa wani farin ɓawo ya daskare a cikin bututunta. An ce in wanke da asid, amma ina tsoron ya huda ƙarfen. Mene ne abin yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya, domin asid bai san ɓawo daban, ƙarfe daban ba. Da ya gama narkar da ɓawon sai ya koma kan bututun, yana cinsa yana fitar da iskar haidirojin. Shi ya sa ake zuba masa sinadarin kariya, wanda masu sana'ar ke kira inhibita.

Kafin komai, ɓanɓaro ɗan ɓawon ka ɗiga masa asid ɗin haidirokulorik. In ya yi kumfa, kabonet ne, zai narke. In ya yi shiru, wataƙila silika ne ko salfet, kuma wannan asid ba zai yi masa abin kirki ba.

Yawancin sinadaran kariya suna ɗauke da naitirojin, farar wuta ko oksijin a jikinsu. Da waɗannan suke manne wa fuskar ƙarfe, su shimfiɗa wani siririn rufi da ido ba ya gani, wanda ke tare asid. Ba sa kama ɓawon kamar yadda suke kama ƙarfe, don haka wankin yana ci gaba. Da asid ɗin haidirokulorik an saba amfani da sinadarin kariya mai suna hekzamin. Tayoyuriya, wadda ita ma sinadarin kariya ce, ta fi dacewa da asid ɗin salfiyurik, sai dai tana da aibi: in ta ruɓe a cikin asid tana taimaka wa haidirojin shiga ƙarfe, ƙarfen ya yi gautsi ya riƙa tsagewa.

Ga haɗin da aka saba. Asid ɗin haidirokulorik na kasuwa mai ƙarfin kashi 32 cikin 100, lita 1 a cikin ruwa lita 6, zai ba ka kusan kashi 5. A fara narkar da hekzamin, giram 2 zuwa 5 a kowace lita, sannan a zuba asid a kan ruwa sannu a hankali, ba ruwa a kan asid ba. A zagaya haɗin da famfo awa 4 zuwa 6, kada zafi ya wuce digiri 60, domin zafi yana ɓanɓare rufin. A bar kafar fitar iska a buɗe, kuma kada a kusanto da wuta ko walda, domin iskar haidirojin tana kamawa da wuta.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne barin haɗin ya kwana. Tsatsar da ta narke tana sakin wani nau'in ƙarfe da ke mai da ruwan rawaya, kuma shi kansa yana cin bututu ko da akwai sinadarin kariya. Kumfa na tsayawa, a zubar, a ɗauraye, sannan a zagaya ruwan sodiyam kabonet don kashe ragowar asid. Kada a kai wannan asid kan sitenles, alminiyam ko ƙarfe mai rufin zinki.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Zariya. Da gaske ne ganyen dogon yaro da lalle suna hana asid cin ƙarfe?

AMSA: Gaskiya ne, Malama, an gwada su a ɗakunan bincike, har da ƙaro. Ke ma za ki iya gwadawa. Ki goge ƙananan faranti biyu na ƙarfe iri ɗaya da sanfefa, ki auna nauyinsu, ki tsoma ɗaya a asid zalla, ɗaya a asid mai ruwan ganye, tsawon awa 6, sannan ki wanke, ki busar, ki sake aunawa. A ce na farko ya rasa miligiram 500, na biyu 100, to kariyar ta kai kashi 80 cikin 100. Matsalar ganye ita ce kamunsa ga ƙarfe yawanci sako-sako ne, sai kariyar ta ragu da zarar zafi ya hau, kuma na damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba. A ganinmu ya isa aikin bincike, amma ba mu ba kowa shawarar ya jingina tukunyar tururi da shi ba.