Ɗana ɗan shekara 15 zai bi ni yawon buɗe ido a bas a Turai, hankalina ya ƙi kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A hutu mai zuwa zan tafi yawon buɗe ido da 'ya'yana biyu, a irin bas ɗin nan mai jagora, daga Faransa zuwa Suwizalan zuwa Italiya. Mahaifinsu ba zai samu zuwa ba. Babban shekararsa 15, mota tana sa shi amai, ga shi da son yin gaba shi kaɗai. Ejan ɗinmu ya ce kada in damu, jagora ne zai kula da yara, ni dai in haɗa fasfo ɗinmu duka a jakata. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalin ya ƙi kwanciya, domin shawarar da ejan ya ba ki duka biyun ba daidai ba ne.

Batun amai mai sauƙi ne. Ki nemar masa kujera ta gaba tun kafin tafiya, don wasu kamfanonin juya wurin zama suke yi kullum, sai an faɗa musu dalili. Ya riƙa kallon hanya can nesa, ya ajiye waya idan an shiga kwane-kwanen duwatsun Suwizalan, kada ya hau da cikin da ya cika fal ko wanda babu komai. In zai sha maganin tashin zuciya, likita ya zaɓa masa, kuma ana shan yawancinsu rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a tashi, ba bayan jiri ya fara ba. Suna sa barci. Kada a hana shi ruwa wai don gudun fitsari, kuma ya ɗaura bel, doka ce a can.

Yanzu ga abin da nake fama da shi kullum: wai jagora zai kula da yara, wai bas ba ta tafiya ta bar kowa. Aikin jagora shi ne lokaci, tikiti, otal da bayanin wurare ga mutane masu yawa a lokaci guda. Ki buɗe sharuɗɗan kamfanin da kika sa wa hannu, yawanci za ki tarar an rubuta cewa wanda bai kai 18 ba yana wuyan babban da ya zo da shi, kuma wanda ya makara zai biyo ayari da kuɗin aljihunsa. Ejan bai karanta ba, ko ya karanta ya yi shiru don kada ciniki ya ɓaci.

Ba mugunta ke sa su tafiya ba. A dokar Tarayyar Turai direban bas ba ya wuce awa 4 da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, kuma tuƙin yini bisa ƙa'ida awa 9 ne, sannan akwai hutun dare da dole ya cika. Akwai na'ura a motar da ke rubuta duk wannan, 'yan sanda suna dubawa. Ga shi a tsakiyar manyan birane bas ba ta tsayawa sai a wuraren da aka ware, na ɗan lokaci. Jagora zai ƙirga mutane, zai buga waya, zai ɗan jira, amma ba zai iya riƙe mota don yaro ɗaya ya tsaya ɗaukar hoto ba. A nan ke za ki sauka ki nemi ɗanki, akwatunanku su yi gaba.

To ki duba halin da shawarar ejan ta jefa yaron: yana shi kaɗai a garin da bai jin yarensa, ba fasfo, bai san sunan otal ɗin daren ba tunda kusan kullum a sabon otal ake kwana. In kuma 'yan sane suka fizge jakarki, fasfo uku sun tafi lokaci guda, sai rahoton 'yan sanda da zaryar ofishin jakadanci, yawo ya ƙare. Masu cewa ai cikin yankin Shengen (ƙasashen Turai da suka amince a riƙa ratsa iyakokinsu ba bincike) babu iyaka, a cusa fasfo a akwati ƙarƙashin mota, su ma sun ɓata. Ƙasashen suna da ikon dawo da bincike a iyakokinsu, kuma suna yi, ana tsayar da bas a hau a duba takardun kowa.

Ɗan shekara 15 ya isa ya riƙe nasa. A saya masa ƙaramar jaka da ake ratayawa a wuya cikin riga, ba aljihun baya ba, ba jakar goyo ba. A ciki fasfonsa, kwafin inshora, 'yan kuɗin mota, da takarda rubutacciya da hannu mai lambarki, lambar jagora, sunan kamfanin, da sunan otal ɗin da za a kwana ranar. Kowace safiya a sabunta. Ke ki riƙe kwafin fasfonsa da bizarsa. Na nace kan takarda ne saboda waya tana mutuwa daidai lokacin da ake buƙatarta. Ki kuma bincika layin da za ki saya masa: Suwizalan tana cikin Shengen amma ba ta cikin Tarayyar Turai, layuka da yawa suna yanke data ko su caji da tsada da zarar an shiga, kuma kuɗin ƙasar faran ne, ba yuro ba.

Ku yi yarjejeniya tun a gida. In ya ɓace, ya koma inda jagora ya ce a haɗu ya tsaya cak, kada ya shiga nemanku. Ya kira jagora, sannan ke. In abin ya faskara, lambar gaggawa 112 ce, kyauta. Duk inda aka sauka ya ɗauki hoton motar da lambarta, domin a wuraren hutawa na babbar hanya bas-bas ɗin kama suke da juna.

Ki sani kuma tafiyar tana gajiyar da matashi: tashin asuba, dogon zama, abokan tafiya yawanci manya. Wanda ya gundura shi ke sulalewa. Ki ba shi aiki, shi ne mai duba lokaci da taswira, ki bar shi ya ɗan zaga cikin iyakar da kuka amince, kuma kada ki yi masa faɗa a gaban jama'a.

Tunda mahaifinsu ba ya tafiya, kina buƙatar takardar amincewarsa da sa hannu, wadda hukuma ta tabbatar, da kwafin fasfonsa da takardun haihuwar yaran. Za a nema wajen biza, ana iya sake nema a filin jirgi, don haka kada ki bar su a hannun ejan. Biza a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema, inshorar lafiya kada ta gaza yuro 30,000, kuma daga shekara 12 ana ɗaukar hoton yatsu, saboda haka in wannan ce bizarsa ta farko, da ƙafarsa zai je. In ejan ya ce zai shirya komai ba sai yaron ya bayyana ba, ki karɓi takardunki ki nemi wani.