Zan kai baƙi kallon tsuntsaye a fadamar Nguru, an ce sai mun shiga ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Nguru ne, na ɗan jima ina bin masu ƙidayar tsuntsaye ina riƙe musu kaya. Yanzu wasu baƙi huɗu sun nemi in yi musu jagora a watan Janairu: kwana uku a fadamarmu, daga nan Yankari, su ƙarasa da dajin Okomu a jihar Edo. Wallahi barci ya ƙaurace mini, tsorona su biya kuɗi su koma ba su ga komai ba. Wani dattijo mai kwale-kwale ya ce agwagin ba sa ganuwa sai an tuɓe takalmi an bi ta cikin ruwa an kusance su, kuma akwai jiƙon da zai ba su wanda ruwan ba zai yi musu komai ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ka yi barcinka. Wanda ya zo fadamar Haɗeja da Nguru a Janairu ya ce bai ga tsuntsu ba, to idonsa a rufe yake. Lokacin ne baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro Sahara daga Turai suke cike da wurin, sukan fara sauka wajen Oktoba su juya wajen Maris, ga kuma na gida: kirinjijiya, dinya, zalɓe, balbela. Shi ya sa ake ƙidayar a wannan watan, ka sani. Ka fita da su bayan asuba, ka sa rana a bayansu, ku dawo kafin hantsi ya dubi ludayi, sai kuma bayan la'asar. Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke cikin fadamar, tana ƙarƙashin gandun daji na ƙasa na yankin Tafkin Chadi, don haka sai da izini. Ka fara neman takardar tun yanzu, kada ka jira satin zuwansu. Na taɓa yin kwana biyu a wani ofishi ina jiran sa hannu ɗaya, mai sa hannun ya tafi ɗaurin aure, baƙina suna zaune a mota suna kallon hankaki. Ka kuma tambayi halin tsaron hanya daga mutanen gari ranar da za ku tashi, ba labarin makon jiya ba.

Yankari ba ta da wuya. A rani komai yana taruwa a bakin kogin Gaji, kuma a kewayen ruwan ɗumi na Wikki kaɗai za su cika littafinsu. Ka hana su saka shuɗin kaya ko baƙin kaya, tsando yana bin kalolin nan. Okomu kuwa ba gidanka ba ne. A kurmi kunne ke aiki kafin ido, tsuntsu na can ƙololuwar bishiya, za ka ji aku da manyan cilakowa sau goma kafin ka ga ɗaya. Ka ɗauki ɗan wurin ya ja gaba, kai ka koma mai kula da baƙi. Ba kunya a ciki.

Yanzu ga maganar da ta sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka. Kada ka sa ƙafar baƙo ko ɗaya cikin ruwan nan. Kai ma ka daina.

Tsargiya ce a ciki, cutar fitsarin jini da wata tsutsa ke kawowa. Ƙananan dodon koɗi da ke manne jikin ciyawar ruwa su ne gidan tsutsar, suna sake ta cikin ruwa, ido ba ya ganinta. Ba sai an sha ba, ba sai da ciwo a ƙafa ba. Fata lafiyayya take hudawa ta shige, cikin 'yan mintoci. Ruwan da take so shi ne irin wanda dattijon zai bi da ku: marar zurfi, marar gudu, mai ciyayi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan fadamar ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyi da yawa, ruwa ya kwanta. Wurin da kachala ta yi duhu agwagi na fakewa, dodon koɗi ma nan ne fadarsa.

Na san amsar da za a ba ka, don kullum ita ake ba ni a bakin ruwa: ai mu a ciki muka girma, me ya same mu? Abin da ya same mu shi ne muna yara muna fitsarin jini ana dariya ana cewa yaro ya zama namiji. Har yau akwai iyayen da ke ɗaukar jinin nan alamar balaga. Ba balaga ba ce, ƙwayayen tsutsa ne suke yayyaga bangon mafitsara suna fita. Jinin yakan ɗauke bayan shekaru, mutum ya ce ya warke, alhali ɓarnar tana ci a ciki: mafitsara ta yi tabo, fitsari ya riƙa komawa ƙoda, wasu su ƙare da kansar mafitsara. Ga mata tana taɓa gaba da mahaifa, a yi ta yawon neman haihuwa ana zargin kishiya. Mutum ya rasu da ciwon ƙoda yana ɗan shekara hamsin, ba wanda zai tuna da wankan fadama.

Baƙo kuwa da jikinsa bai taɓa haɗuwa da ita ba, nasa yakan zo da zafi. Ƙaiƙayi a ranar, sannan shiru. Bayan sati biyu zuwa takwas, ya koma gida, sai zazzaɓi da tari da ƙuraje, likitansa na ta neman maleriya bai gani ba. Nadiran ƙwan yakan sauka a lakar baya, ƙafafu su shanye. Duk don a ga agwagwa kusa.

Jiƙon dattijo kuma, da girmamawa, ba ya hana tsutsa huda fata. Laya ba ta hanawa, shafa man kaɗanya ba abin dogaro ba ne, allurar mai kemis ɗin bakin kasuwa da ya ce tana wanke jini kuɗinka kawai za ta wanke. Akwai kuma masu ɗan karatu da suka fi waɗannan haɗari, su ne masu cewa a shiga kawai, da an fito a haɗiyi Praziquantel. Maganin gaskiya ne, shi ake rabawa a makarantu, amma manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya aiki sosai a kan ƙananan da suka shiga jiya. Wanda ya sha da yamma ya ɗauka ya tsira, bai tsira ba. Idan tsautsayi ya sa wani ya faɗa ruwa, ya goge jiki ya canza kaya, ka faɗa masa gaskiya, ya je a gwada shi bayan wata biyu zuwa uku ko da bai ji komai ba, da wuri in zazzaɓi ya zo. Likita ne ke auna maganin da nauyin jiki.

Abin takaicin ma, shiga ruwan ba ya kusantar da kowa ga tsuntsu. Mutum biyar a tsaye suna facal-facal, garken zai tashi tun kuna nesa, abin da za su ɗauka hoton gindin agwagi ne. Kuma duk tashin da ka sa suka yi, kitsen da suke tarawa don ƙetare hamada suke ƙonawa. Zauna da su cikin kwale-kwale, kowa ya yi ƙasa, mai gora ya tura a hankali ba magana, ku tsaya ku bar su su saba da ku. Ko ku sami tudu a gaɓa a kafa madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Masu wannan sha'awa da madubinsu suke yawo, nisan ba ya damunsu, wanda zai ce musu duba can suke biya. Wurin hawa da sauka a nemi busasshiyar gaɓa, ko dogon takalmin roba. Ruwan wankansu a masauki ya zama na rijiya ko famfo, in na fadama ne a tafasa shi.

Dattijon kada ka yi masa gardama a gaban mutane. Ka ɗauke shi aiki shi da jirginsa, ya fi ka sanin hanyar ruwan, ka ce masa baƙin ne ba sa son jiƙa kaya. Kai kuma da ka ce ka jima kana bin masu ƙidaya, na san sau nawa ka naɗe wando ka ja jirgi. Kafin Janairu ka kai fitsarinka asibiti a duba.